Idin Ista a Birnin Damagaram

Duk wanda ya duba jerin ranakun hutu na Jamhuriyar Nijar, waɗanda hukuma ke rufe ofisoshi da makarantu dominsu, zai tarar cewa ban da Ƙaramar Salla da Babbar Salla da Mauludi akwai wata Litinin guda da ke faɗowa a tsakiyar bazara, sa'ad da duwatsun da ke kewaye da Birni suke ɗaukar zafi tun hantsi, ruwa kuma yake yi wa mutanen Damagaram wuyar da suka daɗe da saninta. Ita ce Litinin da ke bin Lahadin Ista, idin da Kirista suke tunawa da abin da suka yi imani da shi na gicciye Almasihu da tashinsa daga matattu. Galibin ma'aikatan da ke kwana biyu a gida albarkacin wannan rana ba su taɓa tambayar dalilinta ba, kuma ba abin mamaki ba ne, domin Kirista a ƙasar baki ɗaya ba su kai ɗaya cikin ɗari ba. Amma ga 'yan gidajen da ke riƙe da wannan addini a Zinder, ita ce babbar rana ta shekara, ta fi Kirsimeti nauyi a aƙida ko da ba ta kai shi hidima ba.

Lissafin ranar tsoho ne ƙwarai. An jingina shi ga taron manyan malaman Kirista da aka yi a Nikiya cikin shekarar 325, kuma ƙa'idar da ta tabbata daga baya ita ce a yi idin ran Lahadin farko bayan cikar wata na farko da ya zo daga 21 ga Maris, saboda haka ba ya gabatar 22 ga Maris, ba ya kuma wuce 25 ga Afrilu. Mutumin da ya tashi yana duban jinjirin wata ba zai rasa jin wata kusanta da wannan hisabi ba, tun da shi ma rabinsa na wata ne, rabinsa na rana.

Mafarin labarin a ƙasar Damagaram ya girmi zuwan 'yan mishan da shekaru fiye da sittin, kuma wani yaro ne bawa. Sunansa Dorugu, an haife shi wajen 1840 a Dambanas, wani ƙauye kusa da Kance, kudu maso yamma da Zinder. Yana ɗan yaro aka kama shi cikin irin hare-haren da suka cika wancan zamani, aka bi da shi ta Zinder, har ya ƙare a Kukawa ta Barno, inda Bajamushen nan Adolf Overweg ya 'yanta shi ya ɗauke shi aiki. Da Overweg ya rasu a 1852, sai yaron ya koma hannun abokin tafiyarsa Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, kuma tare da shi ya sake shigowa Zinder a ranar 25 ga Disamba ta wannan shekara, wato ranar Kirsimeti, yana ɗa mai 'yanci a garin da ya taɓa ratsawa yana bawa. Daga nan suka yi Tambutu, suka komo, suka ƙetare Sahara zuwa Tarabulus, suka isa Landan a 1855.

A Ingila ne Dorugu ya zauna da wani malamin mishan mai suna James Frederick Schön, wanda ya daɗe yana fama da Hausa ba tare da ya sami wanda zai ji ta daga bakinsa kullum ba. Yaron ya yi ta ba shi labaru da tatsuniyoyi da tarihin kansa, shi kuwa yana rubutawa, kuma a cikin waɗannan shekaru ne aka buga Linjilar Matiyu da Hausa a 1857, shekarar da aka yi wa Dorugu baftisma. Sauran aikin ya ɗauki zamani mai tsawo kafin Dokta Walter Miller na Zariya da abokan aikinsa su fitar da Littafi Mai Tsarki cikakke a 1932, a sake fassara shi a 1979. Amma ina ganin ya cancanci a tuna cewa labarin makon ƙarshe na Almasihu, wanda ake karantawa a majami'un Zinder kowace Ista, ya fara shiga Hausar bugu ne alhali kunnen mai fassarar cike yake da Hausar wani ɗan ƙasar Kance. Dorugu kansa bai komo ya kafa wata jama'a a nan ba. Ya yi aikin tafinta, ya koyar a makarantar Ɗan Hausa da ke Nasarawa ta Kano, a can kuma ya rasu a 1912.

Abin da ya iso Damagaram bayan haka bindiga ce. A watan Mayu na 1898 aka kashe Kyaftin Cazemajou na Faransa a Zinder a zamanin Sarki Amadu Kuran Daga, kuma shekara guda bayan haka, ragowar rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine, wadda ta bar ƙonannun garuruwa a bayanta, har da Birnin Ƙonni, ta ci nasara a Tirmini cikin Yuli 1899, ta shiga birni, aka kuma kashe sarki a watan Satumba. Aka gina bariki a kan dutse aka sa masa sunan Cazemajou, aka tuɓe Sarki Amadu Ɗan Bassa a 1906, aka mai da Zinder babban birnin mulki daga 1911 har 1926 da aka koma Yamai. A nan ne wata mushkila ta samo asali, wadda har gobe ba ta gama warwarewa ba: a idon talakan Damagaram, wanda ya kashe sarki, ya sa haraji da aikin tilas, Nasara ne, kuma duk wanda ya shiga majami'a ya bi Nasara ke nan. Alhali kuwa hafsoshin Faransa na wancan zamani, musamman bayan dokar 1905 da ta raba addini da hukuma a ƙasarsu, ba su ɗauki yaɗa Linjila aikinsu ba, bal ma sun fi son a bar Musulmi da malamansu muddin haraji na shigowa, suna kuma kallon ɗan mishan mai jin Ingilishi da idon zargi, kamar ɗan leƙen asirin maƙwabtansu na Kano.

Cikin wannan hali ne mishan ɗin SIM, wanda Gowans da Kent da Bingham suka fara a 1893, ya buɗe tasharsa ta farko a Nijar, a Zinder, cikin 1924. Birni mai tsangayu da zaurukan malamai, wanda ya daɗe da alaƙa da Barno da fataken Tarabulus, bai ba su abin da suka zo nema ba sai kaɗan, kuma ƙarfin aikin ya karkata yamma, zuwa Tsibiri da Maraɗi, daga bisani asibitin Galmi a 1950 da gidan kutare na Danja. Daga waɗannan wurare ne ikkilisiyar Hausawa ta EERN ta fito a farkon shekarun 1960. 'Yan Katolika kuma ta wata ƙofa dabam suka shigo: akawuna da malaman makaranta da ma'aikatan gidan waya waɗanda Faransa ta kwaso daga Dahome da Togo, sannan 'yan kasuwa daga kudancin Nijeriya. Ko da aka kori 'yan Dahome da yawa daga aiki a ƙarshen 1963 saboda rikicin tsibirin Lete, wasu gidaje sun riga sun yi saiwa, kuma cocin Zinder yana ƙarƙashin bishof na Maraɗi tun da aka kafa wannan yanki a 2001. Don haka wanda ya leƙa majami'a a Damagaram ran Ista zai ji Hausa da Faransanci suna karɓa-karɓa, ya ga jikan akawun Kwatano zaune kusa da jikan manomin Gobir, ga soja daga Dosso da aiki ya kawo, ga mai sayar da kayan mota da ya baro Inugu tun yana saurayi.

Kowane ɓangare da yadda yake tarbar idin. 'Yan Katolika suna farawa tun Larabar Toka da kwana 40 na azumi da ƙanƙan da kai, suna bin Hanyar Gicciye kowace Jumma'a. Ran Lahadin da ke kafin Ista su riƙe ganyen dabino, ran Alhamis fada ya wanke ƙafafun wasu daga cikin jama'a, ran Jumma'a a yi zaman juyayi, daren Asabar kuma a hura wuta a kunna kyandir, a yi wa manyan da suka gama karatun aƙida baftisma. Masu bishara, irin su 'yan EERN, ba su da yawan waɗannan rukunai. Nasu wa'azi ne da Jibin Ubangiji da waƙa, inda matan Zumunta suke fitowa da zane iri ɗaya, su ne kuma, in za a faɗi gaskiya, ginshiƙin kowace majami'a a ƙasar Hausa, domin su ke tara gudummawa, su ke girki, su ke zuwa gaisuwar mara lafiya da ta'aziyya. Hidimar gida kuwa ba ta kai ta Kirsimeti ba, kuma dalilin a fili yake: Kirsimeti yana zuwa bayan kaka, rumbu cike, ga sanyin hunturu, ita kuwa Ista tana zuwa hatsi ya yi ƙasa, 'yan cin rani ba su komo ba, ana lissafin kuɗin iri da na ruwan garuwa. Wanda ya sami hali ya yanka akuya, wanda bai samu ba ya yi da kaza da shinkafa.

Amma bambancin da ya fi wannan zurfi yana wajen aƙida, kuma shi ne ya sa idin yake da wani nauyi na dabam a gari irin wannan. Haihuwar Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, abu ne da Musulmi ya karanta a Suratu Maryam tun yana allo, saboda haka in maƙwabcinsa ya ce yana murnar wannan haihuwa, akwai ƙasar da su biyu za su iya tsayawa a kanta, ko da sun saɓa a kan matsayin wanda aka haifa. Ista ba ta da irin wannan fili. Abin da Kirista yake ɗauka tushen imaninsa duka, wato cewa an gicciye Almasihu, ya mutu domin zunuban mutane, ya tashi a rana ta uku, shi ne ainihin abin da aya ta 157 ta Suratun Nisa'i ta kore, kuma babu wani tawili da zai haɗa maganganun nan biyu ba tare da an tauye ɗayarsu ba. To, a Damagaram, Bahaushen da ya zama Kirista da wuya a ce danginsa duka sun bi shi. Yana da baffa mai zaure da almajirai, yana da gwaggo hajiya, wata ƙila matar ƙanensa 'yar malamai ce. Ran Ista ne kowa yake sanin inda aka rabu, kuma ran Istar ne ake ɗora wa yara kwanuka a ce su kai gidan Baffa, su kai gidan Inna, kamar yadda naman layya ya shigo daga can ran Babbar Salla. Shi ya sa mai gida mai hankali yake kiran mahauci Musulmi ya yanka masa dabbar, don kada kwanon ya dawo ba a taɓa ba. Malamai sun saɓa a kan taya su murna da baki, wasu sun tsananta, musamman tun da wa'azin Izala ya yi ƙarfi. Amma haƙƙin maƙwabci da sada zumunci babu wanda ya yi jayayya a kansu, kuma a kan wannan ijma'i ne gidaje masu yawa suke tafiya shekara da shekaru ba tare da sun zauna sun yi muƙabala ba.

Wannan zama ya ga jarrabawa. A watan Satumba na 2012 aka far wa cocin Katolika na Zinder saboda wani fim da aka yi a Amurka, sannan ran Jumma'a 16 ga Janairu 2015, bayan mujallar Charlie Hebdo ta Faransa ta sake buga zanen ɓatanci ga Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, zanga-zangar da ta tashi bayan masallaci ta rikiɗe ta zama fitina: aka ƙone majami'u da makarantar mishan da cibiyar al'adun Faransa, aka rasa rayuka, washegari wutar ta kama Yamai, adadin mamata a biranen biyu ya kai goma. Kiristan Zinder da yawa sun kwana a barikin soja, wasu kuma maƙwabtansu Musulmi ne suka ɓoye su a ɗakunansu. Babu ko ɗaya daga cikinsu da ya san masu zanen, waɗanda ma ba su ɗauki kowane addini da daraja ba, har da na Kirista. Tsohon lissafin nan ne na 1899, wanda ya haɗa majami'a da tutar Faransa, aka zo karɓa a hannun mutanen da ba su ci bashin ba.

Ista ta 2015 ta faɗo ran 5 ga Afrilu, wato mako goma sha ɗaya bayan gobarar, ba a gama gyara ba, wasu iyalai kuma sun bar garin ba su komo ba. Shugabannin majami'u a Nijar sun fito sun ce sun yafe, kuma a ganina ba za a fahimci wannan furuci ba sai an san abin da ake karantawa a makon: labarin wanda aka zalunta ya roƙa wa masu zaluntarsa gafara, da na almajiran da suka watse don tsoro, suka kulle ƙofa, sannan suka sake taruwa. Musulmi ba zai yarda da ƙarshen labarin ba, amma zai iya gane dalilin da ya sa mutumin da aka ƙone masa wurin ibada yake jin labarin kamar da shi ake.

Daga 2022 zuwa 2024 kuma lissafin wata ya kawo wani abu da matasa ba su taɓa gani ba, domin shekara uku a jere Ista ta faɗo cikin Ramadan: 17 ga Afrilu, sannan 9 ga Afrilu, sannan 31 ga Maris. Gidajen da suka saba aika kwano da azahar sai suka koma jiran shan ruwa, masu azumin kwana 40 da masu azumin wata guda suka yi ta haɗuwa a layin mai ƙanƙara da na famfo. A 2025 Ƙaramar Salla ta riga Ista da mako uku, kuma tun da shekarar Hijira tana gaza ta Miladiyya da kwana goma sha ɗaya, sai an yi kusan shekara talatin kafin Ramadan ya sake zagayowa kanta.