BABI NA BIYU: TARIHIN AIKIN MALAMIN ƘANANAN YARA A TSARIN MONTESSORI

2.0 Gabatarwa

Wannan babi zai waiwayi yadda aikin malamin ƙananan yara ya samo asali a tsarin koyarwar da ke barin yaro ya zaɓi abin da zai koya da kansa. An ɗauki tsarin Maria Montessori a matsayin misali, domin yana daga cikin waɗanda suka fi yaɗuwa a duniya. Tambayar da babin ke son amsawa ita ce: idan yaro ne ke jan ragamar karatunsa, mene ne aikin malami, kuma wane horo yake bukata?

2.1 Asalin Tsarin

An haifi Maria Montessori a garin Chiaravalle na ƙasar Italiya a shekarar 1870. Ta kammala karatun likita a Jami'ar Rum a 1896, sannan ta yi aiki da yara masu taɓin ƙwaƙwalwa. A wannan lokaci ne ta nazarci ayyukan wasu likitocin Faransa guda biyu, wato Jean Itard da Edouard Seguin, waɗanda suka koyar da irin waɗannan yara ta hanyar taɓawa da gani da ji. Wannan tushe na likitanci yana da muhimmanci, domin shi ya sa ta ɗauki lura da yaro a matsayin aikin farko na malami, kamar yadda likita ke duba maras lafiya kafin ya rubuta magani.

A ranar 6 ga Janairu, 1907, ta buɗe makarantarta ta farko mai suna Casa dei Bambini, wato Gidan Yara, a unguwar talakawa ta San Lorenzo da ke birnin Rum. Yaran sun kai kimanin hamsin, kuma iyayensu kan fita neman abinci su bar su a gida. Abin lura a nan shi ne, matar da aka fara damƙa wa ajin ba ta yi makarantar horon malamai ba. An umarce ta da ta nuna wa yara yadda ake amfani da kayan aiki, sannan ta ja da baya. An tanadi ƙananan kujeru da tebura daidai tsayin yara, da haruffan da aka yanka daga takarda mai kaushi domin yaro ya bi su da yatsa. Ta wannan hanya yara 'yan shekara huɗu da biyar suka fara rubutu ba tare da an tilasta musu ba.

2.2 Horar da Malamai

Nasarar San Lorenzo ta haifar da wata matsala, wato rashin malaman da za su iya kame kansu. Malamin da ya saba da tsayawa gaban allo yana ba da umarni yakan ga kamar ba aiki yake yi ba idan ya zauna yana kallo. Saboda haka Montessori ta shirya kwas na farko a garin Città di Castello a 1909, shekarar da littafinta kan wannan hanya ya fito. An yi kwas na ƙasa da ƙasa a Rum a 1913. Aikin malami a wannan horo ya kasu kashi uku: shirya aji, gabatar da kayan aiki ga yaro ɗaya ko ƙaramin rukuni, da lura da ci gaban kowane yaro.

Tsarin bai tsira daga suka ba. A 1914 William Kilpatrick na Jami'ar Columbia ya wallafa littafin da ya soke shi, abin da ya taimaka wajen dusashewarsa a Amurka har zuwa 1958, lokacin da Nancy Rambusch ta buɗe makarantar Whitby. A 1929 aka kafa ƙungiyar AMI domin kula da ingancin horo. Bayan saɓaninta da gwamnatin Mussolini, Montessori ta bar Italiya a 1934. Ta isa Indiya a 1939, inda ta horar da malamai masu yawa kafin ta koma Turai a 1946. Ta rasu a ƙasar Holan a 1952.

2.3 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, za a fahimci cewa bai wa yaro 'yanci bai rage wa malami aiki ba, sai ma ya ƙara masa nauyi. Wannan darasi ya shafi Nijeriya, domin Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta nemi a koyar da yara 'yan ƙasa da firamare ta hanyar wasa. Haka kuma makarantun kuɗi da dama suna ɗauke da sunan Montessori, alhali sunan da ke kan allon ƙofa ba ya tabbatar da cewa malaman ciki sun sami horon. Don haka duk mai niyyar shiga wannan aiki ya kamata ya fara tambayar inda zai koyi lura da yaro. Babi na gaba zai duba hanyoyin samun wannan horo a kwalejojin ilimi.