Motar da Ta Kwanta a Ƙofar Gida: Wa Ke da Alhakinta?

Tambuwal garin hanya ne tun asali. Ribaɗi ne da Muhammadu Buhari ɗan Shehu ya zauna a ƙarni na 19, kuma da Turawa suka shimfiɗa dogo bai iso ƙasar Sakkwato ta yamma ba, a Ƙaura Namoda ya tsaya a 1929. Kayan wannan yanki ya ci gaba da tafiya a bayan jaki da raƙumi har mota ta karɓe su, titin Sakkwato zuwa Jega da Yawuri kuwa ta cikin garin ya ratsa. Kebbe ta fi shigewa ciki, a kusurwar da ta yi iyaka da jihohin Kebbi da Zamfara, inda motar kasuwa ke ɗaukar abin da ya fi ƙarfinta a kan hanyar da damina ke cinyewa. Duk garin da mota ta yawaita, matacciyarta ma za ta yawaita, kuma shekara da shekaru ba a taɓa ba kowa alhakinta ba.

Yawaitar tana da tarihi. A 1975 kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna, ma'aikaci ya iya sayen sabuwar 504 da bashin mota. Da aka shigo da tsarin SAP a 1986 naira ta faɗi, sabuwar mota ta gagari mai albashi, aka koma sayen 'yan Kwatano, waɗanda suka riga suka ci rabin kwanansu a Turai kafin su iso. Cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ya ƙara ajiye wasu, wannan karon har da masu lafiya. Kowa ya san siffarta a unguwa: an ɗora ta a kan duwatsu, tayoyin sun tafi, ƙurar hunturu ta rufe gilashi har yara na rubutu a kai da yatsa, akuya na kwance a inuwarta. An cire batir an sayar, sai kafireta, sai kujeru. Mai ita bai yarda ta mutu ba. Kullum maganarsa in an sayar da albasa ko an biya ariyas za a kira bakanike.

Dokar da muka gada ba ta ganin mota sai tana tafiya. Tun dokar zirga-zirgar hanya ta 1947, abin da aka sa a gaba shi ne rajista da lasin da lafiyar motar da ke kan titi, kuma a kan titin ma'aikatan VIO ke tsayawa, haka ma jami'an hukumar kiyaye haɗurra da aka kafa a 1988. Rajista da lasin aikin jiha ne. Kundin tsarin mulki na 1999 ya ba ƙaramar hukuma lasin ɗin keke da amalanke da kwale-kwale, ya ba ta tashar mota da titunan cikin gari da kwashe shara, amma motar da ke tafiya da inji ba ta cikin lissafinta. Saboda haka mai iko da motar ba ya shiga lungu, mai iko da lungun kuma ba shi da iko da motar. A Ingila tun 1998 wanda ya ajiye mota sai ya sanar da hukuma cewa ta bar hanya, a daina neman harajinta, shi kuma ya ɗauke ta daga titin jama'a. A nan lasin ya ƙare kawai, babu takardar da ke cewa ga inda motar take.

Abin lura shi ne magabata ba su bar irin wannan gurbi ba. Dabbar da aka tsinta ana kai ta wurin mai unguwa ko dagaci, a yi cigiya, in ta yi ɓarna mai ita ya biya. Wanda ya kafa turke inda ya tare hanya, dattawa za su yi masa magana, in ya ƙi a kai ga hakimi, kuma malamai sun san haƙƙin hanya da hukuncin tsintuwa a fiƙihun Malikiyya. Abin da ya ba wannan tsari haƙori shi ne En'e. A ƙarshen shekarun 1960 aka karɓe mata 'yan doka da kotuna da gidajen yari, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙarasa sauran, a daidai lokacin da motoci ke shigowa da yawa. Mai unguwa ya rage da sanin komai, ba tare da ikon rubuta komai ba. Ra'ayina shi ne a mayar masa da rubutun: littafi guda a hannunsa, a sa lambar mota da lambar jikinta da sunan mai ita da inda take ajiye, kwafi ya je sakatariyar ƙaramar hukuma. Wadda ke cikin gida ko kango a bar ta. Wadda ta tare hanya ko magudanar ruwa a ba mai ita wa'adi.

Za a ce wannan wata ƙofar karɓar kuɗi ce daga talaka, kuma tsoron yana da tushe, domin tsofaffi ba su manta da duba-gari ba, wanda ake tsoron tararsa fiye da ƙazantar da ya zo dubawa. Amsar ita ce rajistar ta zama kyauta, kuma ta zo da riba: wanda ya rubuta motarsa kada a bi shi kuɗin lasin na shekarun da take kwance ranar da ya tashe ta. Za a kuma ce dukiyar mutum ce, ina ruwan wani. Gaskiya ne, kuma ga mai ita ajiya ce, domin ko ƙarfenta kuɗi ne a wurin 'yan gwangwan. Amma hanyar ba tasa ba ce, kuma ruwan da ke taruwa a tsofaffin tayoyi da damina sauronsa ba ya tambayar gidan wa zai shiga. Mai motar ma shi ya fi kowa buƙatar rubutun. In an cire lambarta cikin dare aka maƙala wa wata motar aka yi aika-aika, sunansa ne a rajistar jiha, a yankin da maganar tsaro ba wasa ba ce. In ya rasu kuma, magada kan tarar da mota babu takardu, wani ya ce jingina ce, wani ya ce an sayar masa ba a ƙarasa biya ba, alƙali ya rasa abin dubawa sai rantsuwa.

Suka mafi nauyi ita ce ƙananan hukumomin ba su da ƙarfin jan ko da mota ɗaya daga lungu. Hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024 ya ce a riƙa ba su kuɗinsu kai tsaye, sai dai wannan aiki ba ya jiran wancan kuɗi. Majalisar kansilolin Tambuwal ko ta Kebbe na da hurumin yin dokar titunanta, kuma 'yan gwangwan da ke yawo da kura suna neman ƙarfe za su ɗauke motar da kansu su biya, muddin mai unguwa ya shaida wanda ya sayar shi ne mai ita.