Littafin Rajista da Yaƙin Sanƙarau, daga Zariya zuwa Illela

Duk shekara, idan ƙurar hunturu ta fara lafawa zafin bazara ya kama, ma'aikatan lafiya a Illela sun san irin waɗanda za a fara kawo musu: yaro da zazzaɓi mai zafi, wuya ya sanƙare, wani yana jijjiga, wani an ɗauko shi a sume. Sun kuma san cewa da zarar ruwan farko ya sauka, cutar za ta ja da baya. Wannan sani da kowa ya ɗauka tsohon zance yana da tarihi, kuma mafi yawansa an same shi ne ta hanya mafi arha da aikin likita ya mallaka, wato duba marar lafiya da kyau, a rubuta abin da aka gani, a tara rubutun a ƙidaya. Mu da muke cikin wannan fanni muna kiransa binciken lura. Ra'ayina shi ne, a yaƙin sanƙarau a ƙasar Hausa littafin rajista ya yi aikin da bai gaza na allura ba, kuma inda aka fi buƙatarsa a yau shi ne garin kan iyaka irin Illela.

Ɗaya daga cikin rahotannin farko na annobar sanƙarau a Afirka ta Yamma daga Arewacin Nijeriya ya fito, a 1905. An shafe kusan shekaru sittin ana fama kafin wani likitan sojan Faransa, Léon Lapeyssonnie, ya tattara rajistocin asibitoci na ƙasashe da dama a 1963, ya nuna cewa annobar tana bin wani ziri na ƙasa a kudu da Sahara, inda ruwan sama na shekara yake tsakanin milimita 300 da 1,100. Illela da Birnin Ƙonni na Nijar suna tsakiyar wannan ziri. Mutumin bai ƙirƙiro magani ba. Ya dai jera alƙaluman da wasu suka rubuta, sai taswirar cutar ta bayyana, kuma da ita ake aiki har yau.

Zariya ce ta raya wannan fanni a ƙasarmu. A shekarun 1970, asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello ya tara likitoci irin su Eldryd Parry da Brian Greenwood da Hilton Whittle da David Warrell, tare da matasan likitocin Arewa da suka koyi aikin a gefen gado. Kayan aikinsu kaɗan ne, amma kowane marar lafiya ana cika masa takarda, ana ɗibar ruwan ƙashin bayansa a duba, ana bin sa har ya tashi ko ya cika. Ta haka suka ba da rahoto a 1975 cewa ƙwayar sanƙarau nau'in C na kama mutane a yankin, a lokacin da hankalin kowa ke kan nau'in A. Ta haka suka bi annobar Zariya ta 1977 dalla-dalla. Wani bincike a Malumfashi ya nuna abin da ya ba mutane mamaki: masu lafiya suna ɗauke da ƙwayar a maƙogwaro rani da damina, amma cutar ba ta tashi sai iska ta bushe. Daga nan aka fahimci cewa busasshiyar iska da ƙura suna raunana fatar cikin hanci da maƙogwaro, ƙwayar ta samu hanyar shiga jini. A asibitin Zariya dai aka lura da yawan ciwon zuciya ga masu jego, aka danganta shi da wankan jego da kwanciya kan gado mai wuta da kunun kanwa, kuma Warrell ya rubuta yadda dafin kububuwa ke hana jini daskarewa.

Akwai masu cewa lura ba hujja ba ce, don ganin abubuwa biyu tare ba ya tabbatar da cewa ɗaya ne ya haddasa ɗayan. Gaskiyarsu. Ba a tabbatar da ingancin magani sai an gwada shi a kan rukuni biyu na marasa lafiya an kwatanta. Sai dai ido ba mudu ba ne, amma ya san kima, kuma tambayar da gwaji ke amsawa daga gefen gado take fitowa. Likitocin Zariya sun ga cewa allurar fenisilin da ake maimaitawa bayan 'yan sa'o'i har kwanaki ba za ta yiwu ba idan ɗaruruwan mutane na kwance, nas kuwa ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Wannan ne ya kai Sadiq Wali da abokan aikinsa ga gwada allurar kuloramfenikol mai maiƙo, guda ɗaya tak, suka buga sakamakon a 1979. Allurar ta zama makamin annoba a ɗaukacin yankin, har zuwa gwajin da aka yi a Nijar a 2003 wanda ya nuna seftiriyazon na yin aikin daidai da ita.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi, kuma babu wanda zai yi maganar bincike a ƙasar Hausa ya tsallake shi. A 1996 Nijeriya ta ga annobar da ta kama mutum sama da 109,000, ta kashe fiye da 11,000. A tsakiyar wannan masifa kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, a binciken da ya ƙunshi yara 200. Yara 11 sun rasu, wasu sun nakasa, iyaye suka ce ba a nemi yardarsu ba. Kamfanin ya musanta laifi, aka yi sulhu da gwamnatin Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. Tabon ya taimaka wajen ƙin allurar shan-inna a 2003. Uban da ya ji kalmar bincike gabansa ya faɗi yana da dalili. Amsar da muke ba shi ita ce, a binciken lura ba a ba ɗansa komai sai maganin da dama za a ba shi. Duk da haka wannan bai ɗauke mana nauyin neman izini da ɓoye suna da bin ƙa'idar binciken lafiya ta ƙasa ta 2007 ba. Ina ganin ma darasin Kano yana goyon bayan rajista: inda asibiti ke rubuta komai, da wuya wani ya yi aiki a ɓoye.

Abin da ya biyo baya shi ya fi shafar Sakkwato. An fara allurar rigakafin nau'in A, MenAfriVac, a Burkina Faso da Mali da Nijar a ƙarshen 2010, Nijeriya ta bi daga 2011, nau'in A ya kusa ɓacewa. Sai a 2013 ma'aikatan sa ido a jihar Sakkwato, tare da ƙungiyar likitoci ta MSF, suka ga sanƙarau ya dawo, suka ɗebi ruwan ƙashin baya aka duba, aka tarar da sabon reshe na nau'in C wanda allurar ba ta karewa. A 2014 ya bayyana a Kebbi. A 2015 ya kama dubbai a Nijar, har cikin Yamai. Daga Disamban 2016 zuwa tsakiyar 2017 Nijeriya ta ƙirga mutum 14,518 da ake zargin sun kamu, 1,166 suka rasu, Zamfara da Sakkwato ne kan gaba. A cikin waɗannan dubbai, waɗanda aka yi wa gwajin ɗakin bincike ba su kai ɗaya cikin goma ba. Gargaɗin ya zo shekaru huɗu kafin babbar annobar, daga 'yan kwalaben da wani ya damu ya cika ya aika. Haka ma gubar dalma ta Anka da Bukkuyum a 2010, wadda ta kashe yara sama da 400: masu bin sawun sanƙarau ne suka lura cewa yara na jijjiga suna mutuwa, maganin zazzaɓin cizon sauro ba ya yi musu komai.

Illela gari ne da mutane ke ratsawa dare da rana, da shanu da albasa da ziyarar dangi. An rufe iyakar daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, an sake rufe ta a 2023, amma gida ɗaya ne ke zaune a ɓangarorin biyu. Marar lafiya zai iya fara jinya a Illela ya ƙarasa a Ƙonni ko asibitin Galmi, ko a wuce da shi asibitin koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, inda cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa take. Labarinsa ya rabu gida biyu, rabi da Turanci rabi da Faransanci, rabi ya nufi Abuja rabi ya nufi cibiyar CERMES ta Yamai, alhali shi da nas ɗin da suka duba shi duk Hausa suke yi. Tambayoyin da rajistar haɗin gwiwa za ta amsa a fili suke, kuma ba na sanƙarau kaɗai ba ne. Sa'o'i nawa ɗan kabu-kabun da ya fasa kai ke ɗauka kafin ya isa inda za a yi masa hoto, kuma nawa ke rasuwa a hanya? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan ɗaya cikin biyar na waɗanda suka tsira daga sanƙarau na samun nakasa mai ɗorewa kamar kurumta ko farfaɗiya. To a nan su wane ne, kuma wa ke sake duba su bayan sallama?

Za a ce ma'aikacin da ke duba layin mutane shi kaɗai ba shi da lokacin cika takardu. Wannan gaskiya ce, kuma laifin masu tsara bincike ne da ke kawo fom mai shafi goma su kwashe bayanai su tafi, sunan wanda ya rubuta ba ya fitowa, sakamakon ba ya dawo masa. Abin da ake buƙata kaɗan ne: shekaru, ƙauye ko da na ƙetaren iyaka ne, ranar da ciwo ya fara, lokacin isowa, matakin hayyaci, sakamakon ruwan ƙashin baya, da yadda aka ƙare. A 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara allurar da ke kare nau'i biyar, A da C da W da Y da X. Ko tana aiki a Illela, ko wani nau'in ya sake ɓullowa, daga rajista za a gane. Ina kira ga ma'aikatar lafiya ta jihar Sakkwato da takwarorinta na Tawa a Nijar su amince da takarda iri ɗaya ga Illela da Ƙonni, su ba wa mai cika ta albashi da suna a cikin rahoto, kuma su riƙa musayar alƙaluma kowane mako tun kafin hunturu mai zuwa ya shigo.