'Yar Gata da Baiwa a Kurkuku Ɗaya

'Yar'uwa, ko kin taɓa jin labarin Farfetuwa da Filisita? A shekara ta 203 aka kama su a birnin Kartaj, cikin ƙasar Tunisiya ta yau, don sun bi Almasihu. Farfetuwa 'yar manyan gida ce, shekarunta kamar 22, ga goyo. Filisita kuwa baiwa ce, da cikin wata takwas.

Mahaifin Farfetuwa ya sha zuwa yana roƙo, wai ta dubi furfurarsa, ta dubi jaririnta, ta miƙa hadaya domin sarkin Roma a sake ta. Sai ta nuna masa tulu, ta ce kamar yadda ba a canja wa tulu suna, ita ma Kirista ce.

Filisita ta haifi 'ya mace a kurkuku, wata 'yar'uwa ta karɓi riƙonta. Ranar kisa aka sakar musu mahaukaciyar saniya. Da Farfetuwa ta tashi, hannu ta miƙa ta ɗaga Filisita, suka tsaya tare har takobi ya zo.

Ke fa, yaya kike kallon 'yar aikin gidanki?