Shekara Tara Babu Makiyayi

A cikin wannan biki na Jubili, ya kamata mu da mu ke zaune a Ajame da Tireshbil mu san labarin masu bi na fari a wannan ƙasa. Gama tun Abijan ba ta zama birni ba, akwai waɗanda su ka sha wuya a nan saboda sunan Yesu, ba su kuwa ja da baya ba.

A shekara ta 1913 wani mutumin Laberiya, sunansa William Wade Harris, ya shigo Kodebuwa da ƙafa. Dattijo ne mai farar riga da rawani. A hannunsa akwai gicciye na gora, da Littafi Mai Tsarki, da ƙwarya ta yin baftisma, mata biyu kuma suna biye da shi suna waƙa. Wa'azinsa gajere ne: a ƙone kayan tsafi, a bauta wa Allah ɗaya, a kiyaye ran Lahadi. Ba ya karɓar kuɗin kowa. An ƙiyasta mutum fiye da 100,000 su ka karɓi baftisma cikin wajen shekara ɗaya da rabi, daga nan har ƙasar da a ke kira Gana yanzu. Ebiriye, masu garin Ajame da Anumabo, wato inda Tireshbil ta ke yau, sun shiga da yawa. A lokacin nan Gwamnan Faransa yana zaune a Binjarbil, Abijan kuwa ƙaramin gari ce mai tashar jirgin ƙasa.

Da fari Gwamna Angoulvant ya ƙyale shi, domin Harris yana gaya wa mutane su yi aiki, su yi biyayya ga hukuma. Amma da babban yaƙi ya tashi a Turai a 1914, sai Faransai su ka tsorata da wannan baƙo mai jin Ingilishi wanda dubbai ke bin maganarsa. A ka kama shi da mawaƙansa, a ka doke su, a ka sa su a kurkuku, sa'an nan a 1915 a ka kore su zuwa Laberiya. Ɗaya daga cikin matan, Helen Valentine, ta rasu saboda dukan da ta sha. Harris ya yi ta ƙoƙarin komowa, ana mai da shi daga bakin iyaka, har ya rasu a 1929.

To, me ya sami garken? A waɗansu garuruwa hukuma ta rushe majami'u. A 1918 annobar mura ta kashe mutane da yawa. Waɗansu sun karai, sun koma ga abin da su ka ƙone. Amma dubbai sun tsaya. Kowane gari yana da mai wa'azi da dattawa 12 masu lura da jama'a. Su ka gina majami'u da hannunsu, su ka riƙa taruwa ran Lahadi, suna addu'a da waƙa da harshensu. Waɗansu su ka sayi Littafi Mai Tsarki na Ingilishi su ka ajiye a kan tebur, ko da shi ke babu mai iya karanta shi, gama Harris ya ce su jira malamai masu zuwa da Littafin.

Sai a 1924 wani ɗan mishan na Metodis, William Platt, ya zo daga Dahome, ya tarar da su gari bayan gari suna jira. Daga baya hanya ta rabu. Waɗansu sun zama Metodis, waɗansu Katolika, waɗansu kuma sun kafa Ekklesiyar Harris a ƙarƙashin John Ahui, wani Ba'ebiriye, bayan an sami saɓani a kan auren mata da yawa da kuɗin ekklesiya. Ba mu ce saninsu ya cika ba. Kaɗan su ka sani, amma sun riƙe kaɗan ɗin nan da ƙarfi.

'Yan'uwa, mu lura da inda su ka ja iyaka. Ba su ɗauki makami ba, ba su rama ba. Abin da ke na hukuma sun ba ta. Amma sujada da zuciya ba su ba kowa ba sai Allah.

Mu a yau ba Gwamna ne ya ke matsa mana ba. Sau da yawa maigidan da ya ba mu masauki da jari ne ya ke cewa mu ɓoye bangaskiyarmu, ko kuwa dangi a Maraɗi ko Katsina su aiko cewa in ba mu komo ba, babu mu babu su. Wannan yana da ciwo ƙwarai, domin mutanenmu ne. Sai mu biya bashi a kan lokaci, mu yi gaskiya a kasuwa, mu ci gaba da gaisuwa, mu aika wa iyaye abin da mu ka samu, kada mu zagi addinin kowa. Amma kada mu bar taron masu bi, kada mu ɗaura laya domin a rabu da mu, kada kuma mu yi musun Ubangiji in an tambaye mu.

Mutanen Harris sun jira shekara tara da Littafin da ba su iya karantawa ba. Mu kuwa tun 1932 a ka buga Littafi Mai Tsarki duka da Hausa. Bari mu buɗe shi kowace rana, mu roƙi Allah ya ba mu jimrewa irin tasu.