Tarihin Kason Tsiraru da Mata a Kwangilolin Gwamnati a Amurka

1.0 Gabatarwa

Gwamnatin kowace ƙasa ita ce babbar mai saye a kasuwar ƙasar, domin kuwa ita ke bayar da aikin hanyoyi da gadoji da makarantu. Saboda haka duk wanda aka rufe wa ƙofar kwangila, an rufe masa wata babbar hanya ta tara dukiya. Wannan muƙala za ta bi diddigin ƙoƙarin da aka yi a Amurka na sanya kamfanonin tsiraru da na mata cikin kwangilolin gwamnati, tare da nuna cewa gardamar ta fi karkata ne kan abubuwa biyu, wato sunan da doka ta kira waɗanda za su amfana, da kuma hujjar da ake bukata kafin a ware musu kaso.

2.0 Mafarin Shirin

A shekarar 1969 Shugaba Richard Nixon ya kafa ofishi na musamman don tallafa wa kasuwancin tsiraru. Amma fitaccen misali ya fito ne daga birnin Atlanta, inda Maynard Jackson, baƙar fata na farko da ya zama magajin garin, ya hau mulki a 1974. A lokacin kamfanonin tsiraru ba su samun ko kashi 1 cikin 100 na kwangilolin birnin. Jackson ya kafe cewa ba za a faɗaɗa filin jirgin saman Atlanta ba sai an ba su kashi 25 na aikin, kuma aka buɗe sabon ginin a 1980.

A matakin tarayya kuwa, dokar ayyukan raya ƙasa ta 1977, wadda ta tanadi dala biliyan 4, ta ware kashi 10 ga kamfanonin tsiraru bisa shawarar ɗan majalisa Parren Mitchell. Kotun Ƙoli ta amince da wannan tanadi a shari'ar Fullilove ta 1980. Tun a 1978 ma, majalisa ta shigo da wani laƙabi a dokar ƙananan sana'o'i, wato waɗanda aka bari a baya ta fuskar zamantakewa da tattalin arziki, tare da ɗaukar cewa duk ɗan wasu jinsuna da aka lissafa ya cika sharaɗin farko ba sai ya kawo shaida ba.

3.0 Shari'ar Birnin Richmond

A 1983 majalisar birnin Richmond ta jihar Virginia ta zartar cewa duk babban ɗan kwangilar gini ya miƙa kashi 30 na kuɗin aikin ga kamfanonin tsiraru. Hujjarta ita ce, rabin mutanen birnin baƙar fata ne, amma cikin shekaru biyar da suka gabata kashi 0.67 kawai na manyan kwangilolin gini ya shiga hannun tsiraru. Wani kamfani mai suna Croson, wanda ya nemi aikin sanya kayan bayan gida a gidan yarin birnin, ya rasa aikin saboda wannan sharaɗi, sai ya kai ƙara.

A 1989 Kotun Ƙoli ta soke dokar da rinjayen alƙalai 6 a kan 3. Mai shari'a Sandra Day O'Connor ta bayyana cewa bai dace a gwada yawan kwangila da yawan jama'a ba, sai dai da yawan kamfanonin tsiraru masu iya aikin. Haka kuma ta lura da cewa jerin sunayen da birnin ya yi amfani da shi ya haɗa har da Eskimo da Aleut na yankin Alaska, alhali babu wata shaidar an taɓa zaluntar su a Richmond. Bugu da ƙari, biyar daga cikin 'yan majalisar birnin tara baƙar fata ne, wanda ya sa kalmar tsiraru kanta ta zama abin tambaya. Mai shari'a Thurgood Marshall ya saɓa, yana tunatar da cewa Richmond ce hedikwatar jihohin Kudu da suka yi yaƙi don riƙe bauta, don haka ba ta bukatar a koya mata tarihin wariya. A 1995, a shari'ar Adarand, kotun ta ɗora wa gwamnatin tarayya irin wannan ma'auni mai tsauri.

4.0 Shigowar Mata

Mata sun shigo a makare. Sai a 1987 aka sanya kamfanoninsu cikin kason kashi 10 na ayyukan sufuri, sannan a 1994 majalisa ta tsayar da burin kashi 5 na kwangilolin tarayya gare su. Ba a cika wannan buri ba sai a 2015, wato bayan shekara 21, duk da cewa mata sun haura rabin al'umma. An kuma sha fama da kamfanonin jabu, inda ake rubuta sunan mace ko baƙar fata a takarda, alhali wani ne ke juya dukiyar.

5.0 Kammalawa

Bayan hukuncin 1989 birane da jihohi da dama sun koma ga binciken ƙididdiga don tabbatar da giɓin kafin su ware kaso. A 2023 wata kotun tarayya a jihar Tennessee ta hana hukumar ƙananan sana'o'i dogara da jinsi kaɗai a matsayin shaidar an bar mutum a baya, aka bukaci masu nema su bayyana abin da ya same su a rubuce. Ke nan an tashi daga sunan rukuni an koma ga shaidar mutum ɗaya, wadda ta fi wuyar kawowa ga ƙaramin ɗan kwangila da ba shi da lauya. Ga masu nazarin harshe, wannan tarihi ya isa misali kan yadda ma'anar kalma guda a cikin doka ke yanke wanda zai sami aiki da wanda zai rasa.