Yadda aka gano hanyar tare sankarar bakin mahaifa tun kafin ta kama (zare)

1/ Jama'a, yau tarihi za mu taɓa. Maza kar ku wuce, kuna da iyaye mata da yayye.

2/ A 1842 wani likitan Italiya, Rigoni-Stern, ya bi rajistar mamatan birnin Verona. Ya lura sankarar mahaifa ta fi kashe matan aure, da wuya ta taɓa sistocin coci da ba sa aure. Ya ga alama, amma dalilin ya ɓuya masa.

3/ Sai George Papanicolaou, ɗan Girka mai aiki a Amurka. A 1928 ya ce a lakato ƙwayoyin bakin mahaifa a duba a madubin likita, za a ga canji da wuri. Likitoci suka share shi, sai bayan littafinsa na 1943 aka karɓa. Shi ne gwajin Pap.

4/ Gwajin ya ceci mata da yawa a Turai da Amurka, amma yana son ƙwararren mai dubawa, kuma mace ta riƙa komawa. Shi ya sa ƙasashe irin namu suka rungumi shafa ruwan khal: wurin da ya fara lalacewa sai ya yi fari.

5/ Harald zur Hausen (Bajamushe ne fa, kar suna ya ruɗe ku 😅) ya dage cewa ƙwayar cutar HPV ce sila, lokacin da yawanci ke zargin wata ƙwayar daban. Shi da abokan aikinsa suka gano HPV 16 a 1983, HPV 18 a 1984. Su biyun ke jawo kusan kashi 70 cikin 100 na cutar. Ya ci kyautar Nobel a 2008.

6/ Daga nan aka koma neman ƙwayar kanta. A ƙauyukan Osmanabad na Indiya, binciken da aka wallafa a 2009 ya nuna gwajin HPV sau ɗaya tak ya rage mace-mace da kusan rabi. Ƙauyuka fa, ba Landan ba.

7/ Abin lura: yawancin masu HPV jikinsu ke korar ta cikin shekara biyu. Wadda ta maƙale ce ke zama sankara, bayan shekara 15 zuwa 20. Don bambance su ake duba wasu sinadaran ƙwayoyin jiki, p16 da Ki-67. Kuma wallahi a daina cewa cutar 'yan iska ce. Matar da ba ta san kowa ba sai mijinta tana iya ɗauka.

8/ Najeriya ta fara rigakafin HPV ranar 24 ga Oktoba 2023, ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, Kano na rukunin farko. Masu ɗari-ɗari ban ga laifinsu duka ba, gwajin Trovan na 1996 a Kano bai bar zukata ba. Amma a 2020 kaɗai cutar nan ta kashe mata kusan 8,000 a ƙasar nan.

9/ To iyayenmu fa, da yayyenmu masu sammakon kamfanonin Challawa da Sharada daga Panshekara? Shekarun rigakafi sun wuce su, gwaji ya rage musu. Kuma a ganina kunya ta fi kuɗi hana su zuwa. Gwajin HPV ya rage wannan: mace na iya ɗaukar samfurin da kanta da ɗan tsinken auduga, ba sai ta kwanta gaban kowa ba.

10/ Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara daga shekara 30, mai HIV daga 25. Idan ma sau biyu za a samu a rayuwa, to a 35 da 45. In kun raka Umma asibiti, ku tambaya ko suna yi.